Dogon Hutu: Mu Kai Yara Gida, Amma Kada Mu Je Hannu Rabbana

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, ga dogon hutu ya sake kewayowa. Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba makarantun firamare da na sakandare za su kasance a rufe, watau mako shida ko fiye yara suna gida. Tambayar da ke damun kowane magidanci a Kano a wannan lokaci ita ce, ina za a kai su? Waɗansu sun gwammace su biya kuɗin darasin hutu, yaro ya fito daga wannan aji ya faɗa wancan. Waɗansu kuwa sai su ƙyale su gaban talabijin da wayar hannu har a koma. Mu a namu ra'ayi, kamata ya yi a kai su gida, wurin kakanninsu. Amma akwai sharuɗɗa, kuma saboda su ne muka ɗauki alƙalami.

Ba da ka muke magana ba. Mu 'yan ƙasar Karaye da Rogo ne, kuma bara mun raka yayanmu da iyalinsa gida, da yara huɗu, babbansu shekara tara, ƙaramarsu ba ta cika uku ba. Mako biyar aka yi, uku a wani ƙauye na Karaye wurin kakarsu ta wajen uba, biyu a ƙasar Rogo wurin dangin uwarsu. Abin da muka gani, na daɗi da na wuya, shi za mu bayyana.

Bari mu fara da daɗin. Tsakanin Kano da Karaye tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 90 ba, amma ga yaron da aka haifa a gidan haya a birni, kamar wata duniya ce daban. Ranar da muka sauka, tsohuwa ta fito ta tarye mu, ta dubi babban yaron ta ce, "A'a, maigidan nawa ne yau a gari? Ina cefanena?" Yaro ya tsaya turus, ya juya ya dubi ubansa, don bai san akwai wasa tsakanin kaka da jika ba. Kafin mako guda shi ne ke tsokanarta, yana cewa ta tsufa zai sake amarya. Haka kuma suka san taubasansu, suka san wace ce gwaggo, wane ne kawu, wane ne baffa, maimakon kowa ya zama "anti" ko "ankul". Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ba a koyonta ta waya.

Sa'an nan ga ilmin da babu shi a allon makaranta. Hutun ya faɗo daidai tsakiyar damina, lokacin da masara ta yi goyo, dawa da gero suka rufe mutum. Yaran nan sun iya zana masara a littafi, amma ba su taɓa karya ta a gona an gasa musu nan take ba. Sun ga yadda ake tatsar saniya, sun ga yadda ake kaɗa nono a fid da mai, sun bi mata tsinkar tafasa da rama, sun gane tuwon da suke ci ba daga kanti ya faro ba. A ƙasar Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, sun ga fadamun rake, aka kuma ba su labarin yadda ake dafa mazarƙwaila. Da dare in babu hadari sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a shiga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici. Yarinyar da a birni ba ta iya haɗa jimla uku da Hausa ba tare da ta cusa Turanci ba, ta dawo tana jefa karin magana. Wane malamin darasin hutu ne zai ba da wannan cikin mako biyar?

Mun kuma kai su bakin madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, mai ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Suka ga masunta da kwale-kwale, suka yi ta mamaki. Amma wani dattijo da ke wurin ya nuna musu tsakiyar ruwa ya ce a ƙarƙashin can gonar ubansa take. Nan babban yaron ya fara tambayar abin da ko mu ba mu taɓa tambaya ba: in an kawo abin ci gaba, wa ke biyan kuɗinsa, wa ke cin amfaninsa? Tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuwa ya kori ji.

To, sai dai ba a nan zance ya tsaya ba, kuma mun ƙi mu zama irin marubutan nan da ke zaune ƙarƙashin fanka suna yabon ƙauye. Wahala ta farko ba a kan yara take ba, a kan masu masauki take. Duk wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ke kaiwa ƙasa. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai iso ba, kuɗin da ke hannu kuwa ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. A daidai wannan lokaci ne ma'aikaci zai sauke mace da yara huɗu, ya kwana ɗaya, ya miƙa ledar burodi da sabulu, ya koma birni. Tsohuwa ba za ta ce uffan ba, don kunya da kara. Za ta kama kazarta ta yanka, ta sayar da akuyar da ta ajiye domin wata lalura, ta ci bashin shinkafa saboda jikokin birni ba sa son tuwo kullum. An ce baƙo raɓa ne, amma baƙon mako biyar ya zama marka. Yayanmu ma bai tsira daga wannan kuskure ba sai da muka ji matan gida na ƙus-ƙus a kan awo, muka sanar da shi, ya aiko da buhun masara da mai da kuɗin cefane. Ranar ne muka ga tsohuwa ta saki jiki sosai.

Wahala ta biyu ita ce lafiya, kuma ita ce mai iya mai da hutu makoki. Damina lokacin sauro ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda cutar ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Tun 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata a watannin damina, ana sha kwana uku a jere. A Kano ana bi gida-gida da shi. Amma yaron da aka ɗauke daga unguwarsu yana iya rasa zagayen birni, ya kuma rasa na ƙauye, in uwarsa ba ta tafi da katinsa ta nemi masu rabon ba. A mako na uku ƙaramar yarinyar ta kwana da zafin jiki, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga hanyar ƙauye ta zama taɓo. A kan babur aka fita da ita da asuba, uwar na kuka. Allah ya kiyaye, ta warke. Amma gidan sauro biyu da aka manta a Kano su ne suka kusa jawo mana nadama.

Haka nan ruwan da ya ba yara sha'awa shi ne abin tsoro. Yaron ƙauye ya san inda rafi ke da zurfi, ɗan birni bai sani ba, kuma ba ya son a ce ya ji tsoro. Bayan hatsarin nutsewa, ga tsargiya, wadda ake ɗauka ta wanka a ruwan da ke kwance inda ƙananan katantanwa ke zaune, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Ruwan rijiya kuwa da damina yakan gurɓata, cikin da ya saba da wani ruwa ya ɗauki gudawa. Tafasa ruwan sha da ajiye gishirin zawo a jaka ba girman kai ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Wahala ta uku kuɗin mota ne da hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, har ƙaramin ma'aikaci kan yi lissafi sau uku kafin ya ɗauki iyali. Wannan gaskiya ne. Amma mu tambayi kanmu, nawa ake kashewa a darasin hutu da katin waya cikin mako shida? Wanda ya fara ware ɗan wani abu tun watan Afrilu ba zai rasa na zuwa da dawowa ba. Sai dai a yi sammako, a isa da rana, domin tafiyar dare a garuruwan kan iyaka ba ta da wani amfani ga mai iyali.

Akwai kuma wadda ba a cika ambata ba, watau uwar yara. Maigida ya ce an tafi hutu, alhali ita aikinta ninkuwa ya yi: ga wanki, ga girki da ɗanyen itace, ga bin yara, ga kunyar surukai. In ba a raba kwanakin an kai ta nasu gidan ba, ta huta a gaban tata uwar, to ba hutu aka kai ta ba. Ma'aikaci ya daidaita hutunsa na shekara da na yara, ya zauna ko mako guda ne. Mu ɗalibai kuma da ba mu da iyali tukuna, mu ne 'yan rakiya. Mu riƙe hannun yara, mu taya aikin gona, mu tara yaran unguwa mu yi musu bitar karatu da yamma, don kada amfanin ya tsaya a gefe guda.

A ƙarshe, ya kai mai karatu, ka lura da wani abu. Zazzaɓi da gurɓataccen ruwa da muguwar hanyar da muke tsoro saboda yaranmu na mako biyar, su ne 'ya'yan 'yan'uwanmu ke zaune da su wata goma sha biyu. Dokar masarautu ta 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a masarauta ɗaya mai daraja ta biyu, an kuwa sha muhawara a kan daraja da iyaka. Da ma a ce rabin wannan zafi mun sa shi a kan asibitin ƙauye da rijiyar burtsatse. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake rubuta kasafin kuɗi. Wanda ɗansa ya taɓa kwana da zazzaɓi a ƙauyen da babu hanya, da wuya ya sa hannu a takarda ya manta da wannan ƙauye. Wanda kuwa ya yanke ƙafa, 'ya'yansa za su tashi ba su san kowa ba, kowa bai san su ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka bana mu kai yara gida. Mu tafi da hatsi da cefane, da gidan sauro da katin asibiti, da ladabi da kunnen sauraro. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya kuma bar zumunci.