Gangarar Hawan Kibo: Birkin Ƙafa Kaɗai Ba Ya Riƙe Mota

Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ya kuma san yadda hantar yaron mota ke kaɗawa in an doshi gangarar nan. In tsautsayi ya auku, magana ɗaya a kan ji, wai birki ya tsinke. Sai a ce ƙaddara, a binne matattu, a janye ƙarafa, gobe wata motar ta biyo. Alhali kuwa sau da yawa birkin ba tsinkewa ya yi ba, dafa shi aka yi tun daga kan tudu.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi. Tirela mai nauyin tan 30 in ta gangaro tudun da tsawonsa sama ya kai mita 300, zafin da za a zubar kafin ta iso ƙasa ya isa ya tafasa ruwa fiye da duro guda. To, in aka ɗora wannan aiki duka a kan birkin ƙafa, sai duram ya yi ja ya buɗe, layinin ya yi santsi, direba ya taka har ƙasa amma mota ba ta ji. A ƙananan motoci man birki ne ke tafasa, a manya masu birkin iska kuwa yawan takawa da saki yana ƙarar da iskar tanki. Sa'an nan in gudu ya ninka biyu, aikin tsayar da motar ya ninka huɗu ke nan.

Saboda haka ne maƙera motoci suka ce inji shi ya kamata ya riƙe mota a gangara. In mota tana ƙaramin giya, tayoyi ne ke juya inji dole, shi kuwa yana turjewa. Sai dai injin dizal ba shi da turjiya sosai kamar na fetur, don haka aka yi masa dabaru. Ta farko ita ce birkin salansa, watau wani marfi da ke toshe hanyar hayaƙi, inji ya yi ta kokawa da numfashinsa. Ta biyu ta fi ƙarfi. A shekarar 1931 Clessie Cummins, mai injin Cummins, ya kusa hallaka a gangarar Cajon ta Kalifoniya a Amurka sa'ad da birkin motarsa ya ƙi ci. Abin bai bar zuciyarsa ba, har ya ƙago na'urar da kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Ita tana buɗe bawul daidai lokacin da fistin ya gama matse iska, iskar ta fice ba ta tura fistin baya ba. Ƙarar nan mai kama da harbin bindiga da a kan ji daga wasu manyan motoci a gangara, ita ce. Akwai kuma ritada, wadda ke rage gudun shaf da mai ko da maganaɗisu, ba tare da an goga komai ba.

Su kuma masu jif na zamani suna da wani maɓalli mai hoton mota a gangara, wanda kamfanin Land Rover ya fara sa wa Freelander a 1997. In an danna shi, kwamfutar motar tana auna juyawar kowace taya, ta matsa birkin kowace ɗaya daban, ta riƙe motar a gudun da bai kai kilomita 10 a awa ba, direba ya ji da sitiyari kurum. Abu ne mai kyau a gangarar dutse ko taɓo, irin ta hanyoyin ƙauye da damina. Amma fa birkin nan dai na taya yake amfani da shi, in ya ɗau zafi na'urar kan ba da gargaɗi ta janye hannunta. Ba a yi ta don doguwar gangarar kwalta ba, wanda ya dogara da ita ya manta da giya ya yaudari kansa.

Abin takaici shi ne, yawancin waɗannan dabaru ba sa aiki in mota tana firi. Direbobi da yawa kuwa da sun hango gangara sai su cire giya, wai suna tattalin mai. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mai motar da ke auna wa direba mai daidai wa daida, ya kuma bar birkin salansa a lalace wata da watanni don kanikanci ya ce mota tana tafiya haka nan, shi ma hannunsa na cikin jinin. Ga abin mamaki, injin zamani yakan yanke mai gaba ɗaya in ana gangara cikin giya ba a taka totur ba, a firi kuwa sai ya ci gaba da sha. Kuma da zarar babbar mota ta ɗau gudu, giyar ba za ta koma ba ko an yi ta dannawa.

Tsofaffin direbobi suna da ƙa'ida, giyar da aka hau tudu da ita, da ita a ke saukowa, kuma tun a sama a ke sa ta. Lalle ne Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyoyin direbobi su mai da wannan cikin gwajin duk mai neman lasin babbar mota. Jami'an da ke tsayar da mota su duba takardu, su riƙa cewa a kunna birkin salansa su ji da kunnensu. Gwamnati kuma ta haƙa hanyar tsira a gefen manyan gangarori, watau ɗan titi mai cike da tsakuwa wanda motar da ta ƙwace za ta faɗa ciki ta tsaya, a fara da Hawan Kibo da hawan Mambila.