Mararaban Rido: Ga Ƙoshi, Ga Kwanan Yunwa

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal da ya taɓa bin hanyar Kachia daga Kaduna zuwa Kafanchan ya san Mararaban Rido, ko da ta tagar mota ce. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a gefen birnin Kaduna, kuma maƙwabciyarsa ta kurkusa ita ce matatar mai ta Kaduna. To, amma mutumin da ke kwana yana tashi a gindin wannan matata da tsada yake sayen fetur kamar kowa, sau da yawa ma ya fi mutumin Ikko biya, domin kuwa man da yake sha daga Kudu ake ɗauko shi a tanka. Abin da Hausawa ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Halin da wannan gari ke ciki ya shafi mai karatu kai tsaye, ko da ba shi da kowa a can. Dalili kuwa shi ne, abin da ya sami Mararaban Rido shi ne ya sami unguwanni da yawa na bayan gari a Arewa. Aikin albashi da ya tara jama'a ya mutu, jama'a kuwa suna nan, har ma ƙaruwa suke yi, nauyin ciyar da su kuma ya koma kan dabarun matan gida da aiken 'yan'uwa da suka tafi neman kuɗi Kudu.

YADDA GARIN YA BUNƘASA

An buɗe matatar Kaduna a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, daga baya aka ɗaga ƙarfinta zuwa ganga 110,000 a kowace rana. Ta bututu ake turo mata ɗanyen mai daga wajen Warri, ita kuma ta fitar da fetur da kananzir da gas da kwalta da man juye. A wancan lokaci litar fetur ba ta kai kwabo 20 ba. Sai a 1982 ta kai kwabo 20, lokacin da gwamnati ta shelanta tsuke bakin aljihu.

Inda duk aka ce ana lodin mai, to, direbobin tanka za su taru, su da yaran mota. Inda suka taru kuwa, mai tuwo za ta kafa rumfa, haka mai shayi da bakanike da mai faci da mai wanki da guga. Masu filaye suka gina ɗakunan haya. Ƙananan ma'aikata da leburori waɗanda kuɗin haya na cikin gari ya fi ƙarfinsu suka samu wurin zama. Ga kuma Kakuri ba nisa, inda masaƙu ke cike da ma'aikata dare da rana, tun daga Kaduna Textiles da aka kafa a 1957 zamanin Sardauna, har zuwa UNTL da Arewa Textiles, ga kamfanin haɗa motoci na Peugeot da ya fara aiki a 1975. Albashin da ake biya a waɗannan wurare shi ne ke zagayawa a kasuwannin kudancin birnin Kaduna, ya shiga hannun mai nama, ya fita zuwa hannun tela.

Ɗaya bayan ɗaya waɗannan ƙofofi suka rufe. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka koma gida babu abin yi, wasu ma har suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Matatar mai kuwa ta yi ta ciwo tana tashi, har ta kwanta. Rahoton binciken kuɗi da kamfanin NNPC ya fitar a 2020 ya nuna cewa a 2018 matatar Kaduna ba ta samu kuɗin shiga ko na kwabo ba, alhali ta yi asarar fiye da Naira biliyan 60. A watan Fabrairu na 2023 aka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaranta a kan Dala miliyan 740 da ɗoriya, aka yi alkawarin za ta dawo aiki a ƙarshen 2024. Shekarar ta ƙare ba a ga manta a kasuwa ba.

Da a ce jama'a sun ragu da mutuwar aiki, da abin ya zo da sauƙi. Sai ya zamana ƙaruwa suka yi. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Chikun da Kajuru sun koro manoma masu yawa, suka baro gonakinsu suka zo suka raɓu da dangi a Mararaban Rido da unguwannin da ke kewaye. Garin da kansa bai tsira ba: a watan Yuli na 2021 aka sace ɗalibai 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke kusa da shi. Manomin da jiya yake kawo masara kasuwa, yau shi ke tsaye a gaban mai awo yana neman mudu bashi.

RANAR DA AKA JANYE TALLAFI

A kan wannan hali ne ranar 29 ga Mayu, 2023 ta zo, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ta abinci kuwa ta kusa kashi 40.

Mazaunin bayan gari ya fi jin wannan a jikinsa, saboda rayuwarsa duk a kan hanya take. Aikinsa, in yana da shi, yana cikin gari. Babbar kasuwa tana cikin gari, haka manyan asibitoci da ofisoshin gwamnati. Kafin ya isa sai ya hau abin hawa biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa, ga cunkoso a wajen Sabon Tasha safe da yamma. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne, Jihar Kaduna ta ce za ta biya 72,000, alhali a ƙarshen shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi a kasuwanni da yawa. Wannan ma ga mai albashi ke nan. Birkila da mai tura baro da mai sayar da ƙosai ba su da wanda zai yi musu ƙarin albashi.

Kuɗin mota kuma ba a kan fasinja kaɗai yake tsayawa ba. Yana cikin kuɗin tumatir, yana cikin kuɗin niƙa, yana cikin kuɗin jarkar ruwa ta 'yan garuwa, domin mai rijiyar burtsatse da janareto yake jan ruwa in babu wuta. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata babban layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke kawo wuta ta Makurɗi kuma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai walda da mai aski da mai sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana.

DABARUN ZAMAN GARI

Duk da haka mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Maigidan da ya saba sayen buhu ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani, man gyaɗa kuwa a ƙulla shi a leda na girki ɗaya. Gidan da ke ɗora tukunya sau uku ya koma sau biyu. Gas ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin risho, aka koma gawayi da itace. Ma'aikaci ya taka rabin hanya da ƙafa, sa'an nan ya hau a-daidaita-sahu. Yaro aka cire shi daga makarantar kuɗi aka mai da shi ta gwamnati. Duk ɗan filin da ke bayan gida an shuka masa masara ko kuɓewa. Mata kuwa, waɗanda su ne ginshiƙin wannan fama, sun riƙe adashe gam, a coci da masallacin unguwa da kasuwa, wannan ta kwasa ta biya haya, waccan ta kwasa ta ja jari.

Waɗannan dabaru abin yabo ne, amma tilas a faɗi gaskiya game da su. Mai sayen gwangwani ya fi mai sayen buhu biya, in aka haɗa lissafin wata. Mai shago da ke ba da bashi shi ma bashi ya ɗauko kayan, ran da littafinsa ya cika zai rufe. Adashe kuwa kuɗin talakawa ne ke zagayawa a tsakaninsu, ba ya haihuwa, kuma in mutum biyu suka kasa zubi ya watse. Gawayin da ake ƙonawa daga dazuzzukan da ke ƙarewa yake fitowa. Watau dai yawancin dabarun ɗage wahalar yau ne zuwa gobe, ko kuma sauke ta a kan wani wanda shi ma bai fi ƙarfinta ba.

Dattawa suna cewa sun ga irin wannan, kuma gaskiyarsu. Sun yi layin madara da sabulu da sukari a 1984, sun ga shirin SAP na Janar Babangida a 1986, lokacin da fetur ya tashi zuwa kwabo 39 da rabi. Amma a wancan zamani masaƙun Kakuri suna aiki, matata tana tace mai, ƙauye kuma lafiya lau, wanda birni ya gagara sai ya koma gona, ko a aiko masa da hatsi. Yanzu wannan mafaka ta yi rauni. Hatta citta, wadda ita ce arzikin Kachia da ƙasar Jaba da Kagarko, annoba ta faɗa mata a daminar 2023 ta lalata gonaki masu yawan gaske. Da farashin hatsi ya sauko a 2025, mutanen birni suka ɗan numfasa, manoma kuwa suka koka cewa kuɗin masara bai mai da na taki ba.

NAUYIN DA KE KAN MAZAUNA KUDU

Nan ne maganar ta iso kan mai karatu. Mai gadi a Ikoyi, da ɗan dako a Mile 12, da mai sayar da albasa a Shasha, da mahauci a Agege, da ɗan acaɓa a bayan garin Ikko, abin da suke aikowa ƙarshen mako ta hannun mai POS shi ke riƙe da gidaje masu yawa a irin su Mararaban Rido. Su ma kuwa ba a kan gadon hutu suke ba. Tun watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ta ƙara huɗu a watan Satumba, samari da yawa suka rasa baburansu. Na gida yana zaton na Kudu a cikin daula yake, na Kudu kuma kunya ta hana shi faɗin cewa a rumfar kasuwa yake kwana. Daga nan zargi ke shiga tsakanin wa da ƙane, har zumunci ya yi tsami a kan abin da ba laifin ɗayansu ba ne.

Saboda haka akwai abin da ya kamata masu aike su duba. Gara mutum ya faɗa wa iyalinsa gaskiyar abin da yake samu, ya tsai da abin da zai iya aikowa a kan lokaci, da ya yi alkawarin da zai kai shi ga cin bashi da ruwa. In 'yan'uwa uku ko huɗu suka haɗa kuɗi a lokacin kaka aka sayi buhun masara aka ajiye, ya fi a riƙa aika kuɗin mudu a tsakiyar damina. Abin da ya samu na rara kuma, in ya zama keken ɗinki ko injin niƙa ko kuɗin koyon sana'ar ƙane, zai rage yawan kiran waya na gaba. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke zama a zangon Agege da Sabon Badun da Shagamu suna iya ɗaukar wannan aiki, yadda suke haɗa kuɗin kai gawa gida.

Amma babban nauyin yana kan hukuma. An ce kuɗin da ake kashewa a tallafi za su koma ga jama'a, kuma lalle kason da jihohi ke karɓa daga Asusun Tarayya ya ƙaru ƙwarai tun 2023. A 2025 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa motocin safa masu amfani da iskar gas suna ɗaukar ma'aikata da ɗalibai kyauta, wannan kuwa mataki ne da ya nufi inda ciwon yake. Abin da ya rage shi ne irin wannan sauƙi ya game unguwannin bayan gari, a tsare ƙauyuka manoma su koma gona, a kuma fito fili a gaya wa jama'a inda aka kwana game da matata: nawa aka kashe, me aka gyara, kuma gyara za a yi ko sayarwa. 'Yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki a Abuja suna da ikon yin wannan tambaya, masu zaɓensu kuma, na gida da na Kudu, suna da haƙƙin tuna musu.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, mutanen Mararaban Rido kuwa sun yi shi har sun ƙoshi. Abin da suke jira yanzu shi ne aikin yi da sauƙin kuɗin mota da kwanciyar hankali a gona. Allah Ya kawo sauƙi, Ya ba na gida da na nesa abin rufin asiri, amin.