Gobarar Daejeon da makomar fayilolin gwamnati

A daren 26 ga Satumban 2025, batura suka kama da wuta a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Kafin gari ya waye, sama da manhajojin aikin gwamnati 600 sun tsaya cik. An yi ta farfaɗo da su ɗaya bayan ɗaya, amma rumbun G-Drive, inda ma'aikata ke ajiye takardun aikinsu, ya ƙone da bayanai kimanin terabayit 858, kuma babu kwafinsu a wata cibiya. Hujjar da aka bayar ita ce rumbun ya yi girman da kwafe shi zai yi wuya.

Wannan labari ya shafi Abuja kai tsaye. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da takarda, fayilolin da a da masinja ke ɗauka daga rajista zuwa teburin darakta suna komawa cikin na'ura. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone yana da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano, kuma raba ƙafa irin wannan abin yabo ne. Sai dai cibiya biyu ba ta nufin ma'aikaci zai iya buɗe fayil ɗinsa ranar da ɗaya ta faɗi.

A irin wannan rumbu, kowace takarda ana ajiye ta ne dunƙule da lambar shaidarta, sannan a aika kwafinta zuwa ɗaya cibiyar. Galibi aikawar ba nan take ba ce. Cibiya ta biyu tana biye ne a baya, wani lokaci da daƙiƙoƙi, wani lokaci da sa'o'i idan layi ya cunkushe. Takardar amincewa da biyan kuɗi da aka sanya wa hannu dab da ɗaukewar wuta tana iya zama ba ta ƙetara ba. A wasu tsare-tsaren kuma cibiya ɗaya ce uwa, ita kaɗai ke buɗe sabon asusu ko sabuwar ma'ajiya. Idan ta tsaya, sai wani mai iko ya ɗora ta biyu a gurbinta. Ko dawowar cibiyar da ta faɗi tana da nata haɗari: idan an gyara takarda ɗaya a wurare biyu, gyaran ƙarshe kan shafe na farko, sharhin wani darakta ya ɓace ba wanda ya sani.

Akwai kuma ranar da kaya na nan lafiya, hanyar isa gare su ce babu. A ranar 28 ga Fabrairun 2017, kuskuren rubuta umarni ɗaya ya durƙusar da kundin da ke nuna inda kowane fayil yake a rumbun S3 na Amazon a gabashin Amurka, aka shafe wajen sa'o'i huɗu ana jira. 'Yan Najeriya ma ba su manta da yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Maris ɗin 2024 ba.

Saboda haka bai kamata babban sakatare ya gamsu da jin cewa "akwai kwafi" ba. Ya nemi a rubuta masa a yarjejeniya: minti nawa cibiya ta biyu ke bin ta farko a baya, sa'a nawa sauyawa ke ɗauka, kuma wa ke da ikon ba da umarnin sauyawar da tsakar dare ko ranar hutu. Sannan a tsayar da rana, a sanar da ma'aikata, a kashe cibiya ɗaya da gangan, a ga ko akawun da ke shirya albashi zai iya buɗe jadawalinsa daga ɗayar.