Talla a Zauren Masu Ninke Takarda

Masu sha'awar origami, wato fasahar Japanawa ta ninke takarda har ta zama tsuntsu ko kwaɗo, sun daɗe suna taƙaddama: wanda ya shigo zaurensu da hajar sayarwa ɗan'uwa ne, ko ɗan kutse?

Masu ƙyamar ciniki sukan kafa hujja da Akira Yoshizawa, gwanin da ya rasu a 2005. Ya ƙirƙiri dubban siffofi amma ya ƙi sayar da su, har ya taɓa rayuwa da tallar abinci gida-gida. Ina girmama wannan gudun duniya. Sai dai shi ma ya wallafa littattafai, kuma da kuɗi aka saye su.

A ganina, talla ba laifi ba ce. Mai laifi shi ne wanda bai taɓa koya wa kowa ninki ɗaya ba, bakinsa kullum farashi, da kuma mai cin riba da ƙirar wani. Irin wannan zargi ne ya sa Robert Lang da abokan sana'arsa suka maka mai zane Sarah Morris a kotu a 2011, cewa ta kwashi taswirar ninkinsu ba izini. Sai a 2013 aka sasanta.