Wa ya san shi? Yadda ake tankaɗe saƙonnin imel kafin su iso wayoyin matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A kasuwar dabbobi irin ta Sheme da ke ƙaramar hukumar Faskari, baƙo ba ya shigowa da shanu ya sayar haka kawai. Sai an tambaya: wa ya san shi? Daga wane gari ya taso? Wane dillali ne zai tsaya masa? Satar shanu ce ta ƙara wa waɗannan tambayoyi nauyi, domin wanda ya sayi dabbar sata zai iya rasa kuɗinsa, ya kuma rasa mutuncinsa.

Irin waɗannan tambayoyi ake yi wa kowane saƙon imel kafin ya faɗo wayar mutum. Bambancin kawai shi ne na'ura ce ke yin su, kuma cikin ƙiftawar ido take yanke hukunci: a shigar da saƙon akwati, a jefa shi sashen Spam, ko a mayar da shi inda ya fito.

Me ya sa batun ya shafi yankin?

Da yawa daga masu wayar Android a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna da adireshin Gmail ko da ba sa buɗe shi, domin sai da shi ake sauke manhajoji. Sau da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu, kalmar sirrin ma ta ɓace tuni.

Amma wannan adireshi ya zama ƙofar abubuwa masu muhimmanci. Ɗalibin da ke hulɗa da hukumar JAMB yana buƙatarsa. Haka mai neman rancen karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Haka mai neman aikin ɗan sanda ko na hukumar shige da fice, da mai neman tallafin karatu a ƙasashen waje. Saƙon gayyata zuwa tantancewa yakan zo da wa'adi, kuma wa'adin ba ya jiran kowa.

Mutanen yankin sun ɗanɗana rashin isowar saƙo. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da waɗannan uku. Tsawon watanni, mai jiran saƙo sai ya yi tattaki zuwa garin da ke da sabis. Waccan katsewa kowa ya san da ita. Ta sashen Spam kuwa a ɓoye take faruwa: saƙon yana cikin wayar, mai ita bai sani ba.

Tambayoyi uku da na'ura ke yi

Tambaya ta farko ita ce daga ina saƙon ya taso. Kowace babbar kwamfuta da ke aika imel tana da lambar IP, wadda tamkar lambar mota ce. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu shi ne tara lambobin da aka kama da watsa saƙonnin shara. Fitacciya a cikinsu ita ce Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a 1998. Kamfanoni da jami'o'i da bankuna masu karɓar saƙo sukan duba irin wannan kundi kafin su buɗe ƙofa.

Ta biyu ita ce ko saƙon daga gidan da ya ambata ya fito. Gidan shi ne sunan da ke bayan alamar @. Matakai uku ne ke tabbatar da hakan. Da SPF, mai gida ke bayyana kwamfutocin da ya yarje wa aika saƙo da sunansa. DKIM sa hannu ne na lantarki, wanda ke lalacewa idan an taɓa saƙon a hanya. DMARC kuma, wanda ya fito a 2012, umarni ne daga mai gida kan abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarabawa: a bar shi, a killace shi, ko a ƙi karɓarsa.

Ta uku ita ce halin mai aikowa. Mutum nawa ne suka danna cewa saƙonsa shara ne? Yana yawan aikawa adireshin da babu su? Jiya-jiya aka yi wa gidan rajista ya fara watsa dubban saƙonni? Wanda ya saba da manhajar Truecaller zai gane tsarin: shaidar jama'a ce ke shafa wa lamba jan fenti.

Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Mai aika saƙo sama da 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya cika matakan nan uku, ya sauƙaƙa wa mutane hanyar daina karɓar saƙonsa, kuma masu ƙorafi a kansa kada su kai uku cikin dubu. Microsoft ya bi sahu a watan Mayun 2025. Google ya ce yana tare saƙonnin shara kusan biliyan 15 a kowace rana.

Inda rariyar ke yoyo

Matsala ta farko: mai gaskiya na iya faɗawa tarko. Makaranta ko ƙungiyar agaji ko ƙaramin kamfani a Funtuwa da ya kama hayar wuri mai araha a intanet yakan yi tarayya da wasu da dama a lambar IP guda. Idan ɗaya ya yi ɓarna, sai sunan lambar ya ɓaci, saƙon kowa ya koma Spam. Wake ɗaya ke ɓata gari. Haka nan hukumar da ta kwana biyu ba ta aika komai ba, rana ɗaya ta watsa wa dubban masu neman aiki saƙo ba tare da sa hannun lantarki ba, a idon na'ura ba ta da maraba da ɗan damfara.

Najeriya kuma na ɗauke da tsohon tabo. Lambar 419, wadda sashe ce a kundin dokokin manyan laifuka na ƙasar, ta zama sunan wani nau'in damfara a duniya baki ɗaya. Shari'ar Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, da wata kotun Amurka ta ɗaure fiye da shekara 11 a 2022, ta sake tayar da mikin. Hukumar FBI ta ce damfarar imel ta 'yan kasuwa kaɗai ta jawo asarar kusan dala biliyan 2.9 a 2023, daga ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa.

Matsala ta biyu ta fi haɗari ga talaka: maƙaryaci na iya tsallakewa. Matakan nan uku suna tabbatar da gidan da saƙo ya fito ne kawai, ba sa auna gaskiyar mai magana. Ɗan damfarar da ya buɗe Gmail kyauta, ya laƙaba wa kansa sunan wata hukumar ɗaukar ma'aikata, zai ci jarabawar, domin tabbas daga Gmail saƙon ya fito. Haka wanda ya yi rajistar suna mai kama da na hukuma, ya sauya harafi ɗaya. A ƙaramin allon waya sunan da mutum ya zaɓa wa kansa ne ke fitowa ɓaro-ɓaro, ainihin adireshin na ɓoye sai an taɓa.

A yankin da rashin tsaro ya raba iyalai da gonakinsu, alƙawarin aikin gwamnati ko tallafi na da saurin shiga zuciya. Kuɗin "fom" ko na "tantancewa" da za a tura wa ɗan damfara zai iya zama na akuyar da uwa ta sayar.

Nauyin da ke kan hukumomi

Adireshin da ke ƙarewa da .gov.ng hukumomin gwamnati kaɗai ake ba shi, ta hannun hukumar NITDA, kamar yadda .edu.ng ke na manyan makarantu. Wannan shi ne dillalin da ya kamata ya tsaya wa saƙon gwamnati. Sai dai har yanzu ana ganin sanarwar ofisoshi da makarantu ɗauke da adireshin Gmail ko Yahoo. Duk ofishin da ya yi haka ya koya wa jama'a cewa saƙon hukuma na iya zuwa daga ko'ina, kuma abin da 'yan damfara ke so ke nan.

Gyaran bai kai tsadar gina titi ba. Hukuma ta riƙe gida guda, ta saita matakan nan uku, ta umarci a ƙi karɓar duk saƙon da aka ƙirƙira da sunanta, sannan ta sanar a rediyo, da Hausa, adireshin da saƙonta ke fitowa. A wuraren da sabis ke rawa, ya dace a haɗa gayyata da saƙon tes da kuma shafin da mutum zai duba da kansa.

Abin da mai waya zai iya yi

Wanda ya cike fom yana jiran amsa, ya riƙa leƙa sashen Spam, domin Gmail na goge abin da ke ciki bayan kwana 30. Idan ya tarar da saƙon gaskiya a can, ya danna cewa ba shara ba ne. Hakan na gyara sunan mai aikowa. Kafin ya buɗe mahaɗi, ya taɓa sunan mai aikowa, ya karanta abin da ke bayan @ harafi bayan harafi. Idan Gmail ya sa alamar tambaya a gurbin hoton mai aikowa, ba a tabbatar da tushen saƙon ba ke nan. Saƙon da ya nemi kuɗi, lambar sirrin katin banki ko lambar da banki ya turo wa mutum, ko daga wane gida ya fito, abin gudu ne.

A kasuwar Sheme, ko dillali ya tsaya wa baƙo, mai saye sai ya zagaya saniyar ya buɗe bakinta kafin ya ƙirga kuɗi. Na'ura ta ɗauke wa mai waya rabin aiki. Sauran rabin, na duba haƙora, yana hannunsa.