Wa Aka Ɗinka Wa Rigar?

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun yarda da wannan. Abin da ba mu taɓa ji ba shi ne a ce ranar yaƙi ma haka abin yake. Amma duk wanda ya buɗe littattafan labarin zane na Amurka, waɗanda ake kira komik, zai tarar da jarumai mata sun fito fagen fama da shigar da ta fi dacewa da bakin rafi.

Mu duba manyan jaruman nan uku. Superman ya bayyana a 1938, Batman a 1939, dukkansu a rufe tun daga wuya har tafin ƙafa, ga alkyabba a baya. Da aka zo kan Wonder Woman a 1941, sai yadi ya yi wa tela ƙaranci: kafaɗu a waje, hannuwa a waje, ga takalmi mai tsinin dunduniya. Alhali aikinsu ɗaya ne, wato karo da mugaye. Kakanninmu da suka san yaƙi, sulke da kwalkwali suke sawa, har doki ma sai an yi masa lifidi. To wane irin mayaƙi ne zai tunkari mashi da cinya a buɗe? Amsar a fili take. Shi namijin an yi masa sutura ne domin aikinsa, ita kuwa macen an yi mata domin idon mai kallo.

Wani zai ce ai zane ne kawai, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Da a takarda abin ya tsaya, da mun yi shiru. A watan Disamba na 2015 an sallami wata ma'aikaciyar karɓar baƙi a Landan, mai suna Nicola Thorp, ba tare da an biya ta ladan ranar ba, saboda ta ƙi sa takalmi mai tsini na inci 2 zuwa 4. Abokan aikinta maza kuwa ba wanda ya auna dunduniyarsu. Takardar koken da ta rubuta ta sami sa hannun mutum fiye da 150,000, har majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun a 2017. A 2021 kuma an ci tarar 'yan wasan ƙwallon hannu na bakin teku mata na ƙasar Norwe Yuro 1,500, domin sun sa gajeren wando irin wanda maza ke sawa, maimakon ɗan kamfai da doka ta tanadar musu. Ashe hannun da ya zana jarumar, shi ne ya rubuta dokar ofis da ta filin wasa.

Kada mu ɗauka wannan ciwo na Turawa ne kaɗai. A watan Disamba na 2017 an hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta sa hijabi ƙarƙashin hular gashin lauyoyi. Ta ci jarrabawarta kamar kowa, amma sai a watan Yuli na 2018 aka rantsar da ita. Ita ta Landan an ce ta ƙara tsini, ta Abuja an ce ta rage mayafi. A duka biyun ba a tambayi ko sun iya aikin ba, kuma ba a tambaye su abin da suke so ba.

Mu ba mu ce a soke ƙa'idar sutura a wuraren aiki ba. Likita na bukatar farar riga, mai aikin gini na bukatar hular kwano, ɗan sanda na bukatar kaki domin a shaida shi. Kowace daga cikin waɗannan tana da dalilin da ya shafi aikin kansa, kuma ta hau kan mace da namiji daidai wa daida. Abin da muke ƙi shi ne dokar da ba ta ƙara wa aiki komai, sai ciwon baya da kumburin ƙafa ga mai tsayuwar awa tara, ko kuma tilasta wa mace ta zaɓi ɗaya tsakanin mutuncinta da abincinta.

Gyara kuwa ba gagara ya yi ba. A 2017 lardin British Columbia na Kanada da ƙasar Filifin sun haramta tilasta wa mata takalmi mai tsini a wurin aiki. Kamfanin Marvel ma a 2014 ya ba Kamala Khan, yarinya Musulma mai shiga ta kamala, littafinta na kanta, kuma masu karatu suka karɓe ta hannu bibbiyu.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwanmu ɗalibai, domin daga cikinmu ne gobe za a sami manajoji da marubuta da masu zane. Ranar da alƙalami ya zo hannunmu, kafin mu zana riga ko mu rubuta doka, mu tambayi kanmu: da namiji ne zai yi wannan aiki, za mu ɗora masa irin wannan sharaɗi? In amsar a'a ce, to mu ajiye alƙalamin mu sake tunani.