Sanduna Huɗu Ba Shaida Ba Ce

Mai sayar da na'urar intanet ta gida a Batsari ko Safana zai nuna maka sanduna huɗu, ya ce sabis ya cika. Kada ka yarda.

Sanduna ƙarfin sigina suke nunawa, ba tsabtarsa ba. Mai shela a tsakiyar kasuwa kan ɗaga murya, hayaniya ta haɗiye maganarsa. Abin dubawa shi ne ratar da ke tsakanin sigina da hayaniya, wadda shafin saitin na'ura ke kira SINR. Desibel 20 na nufin sigina ya ninka hayaniya sau 100. Sifili kuwa kunnen doki ne. Da ratar ta ƙuntata, sai na'ura ta rage gudu, ta yi ta maimaita saƙo, daga bisani ta yanke.

Yankin da aka katse wa sadarwa a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga ya san tsadar mataccen layi. Yau ma, yankewar minti guda kan maƙale kuɗin mai POS, ta makarar da saƙon gargaɗi. Don haka kada ka biya sai an gwada na'urar a ɗakinka da maraice, lokacin cunkoso. Ya kamata kuma Hukumar NCC ta wajabta wa kamfanoni bayyana wannan adadi. Ba a cinikin biri a sama.